TARIHIN RINI DA TSATSA

  Hirarmu ta yau a kan tsatsa take.

Kai mai karatu, ka san tsatsa. Wata rana an wanke maka farar riga, an shanya ta bisa tsohuwar waya. Da aka ɗauko ta, sai ga jan layi a kafaɗa. An sa sabulu, bai fita ba. An sake wankewa, yana nan. Ke ma uwargida kin san wannan ɓacin rai, ranar da ruwan kwanon rufi ya ɗiga a kan zanenki na biki.

To, tsaya ka yi tunani. Marini yana shan wahala don rininsa ya kama, kada ya zuba. Ga tsatsa kuwa, ta kama tufa ba da roƙo ba, ta ƙi fita. Mutanen dā sun lura da haka. Suka ce: abin da ya ƙi wankuwa, ai rini ne. Daga nan aka sami wata sana'a mai dogon tarihi. Za mu bi ta ƙasa ƙasa, mu dawo da ita gida.

MECE CE TSATSA?

Abu uku ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, da ruwa, da iska. Ka bar fartanya a gona damina ta sauka kanta, za ka tarar ta yi ja. Ka ajiye ta a ɗaki busasshe, za ta daɗe ba ta yi ba. Gishiri da tsami suna sa tsatsa ta yi sauri.

Tsatsa ba ta narkewa a ruwa. In ta shiga cikin zaren auduga, sai ta zauna can. Shi ya sa sabulu ba ya fitar da ita. Rana ma ba ta kashe launinta. Launin da take bayarwa yana farawa daga rawaya, ya bi ta ruwan goro, ya kai ja mai duhu.

Jar ƙasa da marmara da kake gani a hanya, ƙarfen da ke cikinsu ne ya sa su ja. Wato ita ma irin tsatsa ce. Duk wanda ya yi tafiya da farar riga a kan jar hanya ya ga aikinta.

YADDA JA YAKE ZAMA BAƘI

Akwai wani sirri na biyu, kuma shi ne babba. Wasu itatuwa suna da wani abu mai bauri cikin ganye, ko ɓawo, ko ƴaƴa. Shi ne kake ji a baki in ka tauna bagaruwa, ko ka sha shayi mai ƙarfi ba sukari. Masana suna kiransa tanin. Da shi majema ke jeme fata.

In wannan bauri ya gamu da ƙarfe a cikin ruwa, sai su zama baƙi. Kana iya gani da idonka. Jiƙa bagaruwa a ƙwarya. Jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ciki. Ka dawo gobe, ruwan ya yi duhu kamar tawada.

Riƙe waɗannan biyu da kyau. Tsatsa ita kaɗai tana ba da ja. Ƙarfe da bauri suna ba da baƙi. Duk tarihin da za ka karanta yanzu a kansu ya tsaya.

MASAR TA DĀ

A ƙasar Masar akwai kangon wani birni da ake kira Amarna. An gina shi fiye da shekara 3300 da suka wuce. Masu tonon tarihi sun sami tsummoki da yawa a unguwar ma'aikatan birnin. Ƙasar busasshiya ce, shi ya sa ba su ruɓe ba. Da aka bincika, aka ga an ba waɗansunsu launi da jar ƙasa mai ƙarfe. Waɗanda suka yi aikin sun mutu tun tuni, birnin ya rushe, amma launin yana nan. Wannan ya nuna maka ƙarfin rinin tsatsa.

A ƘASARMU

Ƙasarmu tsohuwar ƙasar ƙarfe ce. A duwatsun Tarmit, gabas da arewacin Damagaram, an sami wuraren da mutane suka narka tama fiye da shekara 2500 da suka wuce. Suna cikin mafiya tsufa da aka sani a Afirka. A ƙasar Adar, maƙera sun ci gaba da narka tama har zuwa zamanin kakanninmu. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar cikin shekarun 1960, ta ɗauki aikinsu a fim.

In an narka tama ko an yi ƙira, akwai dattin da ke saura. Shi ne kashin maƙera. Maƙeri ba ya bukatarsa, amma baduku yana so. Dukawa suna jiƙa kashin maƙera ko guntayen ƙarfe a tukunya, su zuba abu mai zaƙi ko mai tsami, su bar shi ya kwana da yawa. Ruwan da ya fito shi ne kuloko. Fatar kuwa an riga an jeme ta da bagaruwa, baurin yana cikinta. Da kuloko ya taɓa ta, wurin sai ya yi baƙi.

Dubi takalmi, ko jaka, ko kube, ko layar da baduku ya yi maka. Jan daga karan dafi ne. Baƙin zanen da ke kai, a aikin gargajiya, na kuloko ne. Fatar jar akuya ta Maraɗi ta yi suna a duniya saboda kyanta, kuma da irin waɗannan rinin kakanninmu suka ƙawata ta. Ka ga sana'a uku sun riƙe hannun juna: maƙeri ya ba da ƙarfe, majemi ya ba da bauri, baduku ya haɗa.

Za ka ce, to tufafi fa? A wajen tufafi, ƙasar Hausa baba ta riƙe. Marinanmu da shuni suka shahara. In ana son baƙi, sai a yi ta tsoma zane a karofi, a fitar, a mayar, har ya yi duhu, sannan a kai mabuga. Bature matafiyi Heinrich Barth ya biyo ta Agadas da Tasawa ya shiga Kano a shekara ta 1851, ya rubuta labarin marina da cinikin baƙaƙen tufafi da ake kaiwa har Tumbutu. Saboda haka mu nan, rinin ƙarfe a fata ya fi zama. A tufa kuwa, maƙwabtanmu na yamma ne suka kai shi nesa.

MALI: ZANEN LAKA

A ƙasar Mali, Bambara suna da wani zane da suke kira bogolanfini. A harshensu, bogo laka ce, fini kuwa zane. Wato zanen da aka yi da laka. An san shi ƙwarai a ƙasar Beledugu, arewa da Bamako, da kuma garin San.

Ga yadda ake yi. Maza suna saƙa farin zare a ƙaramar masaƙa, irin ta masaƙanmu. A ɗinke ƙyallayen su zama zane. Daga nan aiki ya koma hannun mata.

Mace za ta sami ganyen wani itace da suke kira ngalama. Kada sunan ya ruɗe ka. Ka san itacen. Marke ne. Za ta daka ganyen, ta jiƙa ko ta dafa, ta tsoma zanen a ciki. Zane ya fito rawaya. Ta shanya shi a rana. Baurin marke ya shiga zare.

Tana da laka da ta ɗebo daga gindin tafki ko kogi. Lakar tana da ƙarfe. Ta zuba ta a tulu ta rufe, ta bar ta watanni, wani lokaci har shekara. Sai ta shimfiɗa zanen bisa ƙwarya, ta ɗauki tsinke ko ɗan ƙarfe, ta riƙa shafa laka. Abin mamaki shi ne, ba adon take zanawa da lakar ba. Kewayen adon take cikewa, ta bar adon ba laka. In ta bushe, a wanke. Laka ta tafi, baƙi ya zauna. Ta sake tsomawa a ruwan marke, ta sake shafa laka, don baƙin ya ƙara ƙarfi. A ƙarshe ta bi wuraren rawaya da wani sabulu mai kaifi, su koma fari. Zane ɗaya yana iya cin makonni.

Mafarauta suna sa rigar bogolan. Mata suna ɗaura shi a manyan ranakun rayuwa, kamar aure da bayan haihuwa. Kowane ado yana da suna. Wani yana tuna karin magana, wani yana tuna wani yaƙi ko wani jarumi. Uwa tana koya wa ɗiyarta, ɗiya ta koya wa tata.

An yi lokacin da mutanen birni suka raina wannan zane. Suka ce kayan ƙauye ne. Yadin kanti ya cika kasuwa, masu yin bogolan suka ragu. Sai waɗansu matasa suka tashi. A shekara ta 1978, waɗansu da suka yi karatun zane a Bamako suka kafa ƙungiya mai suna Bogolan Kasobane. Suka shiga ƙauyuka, suka zauna gaban tsofaffin mata, suka koyi sunayen ado da ma'anarsu. Wani tela ɗan Mali, Chris Seydou, wanda ya yi aiki a Paris, ya ɗinka kayan zamani da adon bogolan. Ya rasu a 1994, amma kafin nan duniya ta san zanen. Wata gwana daga Kolokani, Nakunte Diarra, an kai aikinta gidajen tarihi na Amurka. Abin da aka raina ya zama alamar ƙasar Mali, ya zama abincin gidaje masu yawa.

GANA DA KWADDIBUWA

A ƙasar Asante ta Gana, inda fataken goro na Hausa suka daɗe suna zuwa, akwai zanen adinkira. Ana dafa ɓawon wani itace da suke kira badiye har ruwan ya yi kauri. A tsohuwar hanya ana jefa kashin maƙera a tukunyar. Sai a sassaƙa hatimi da ɓallin ƙwarya, a tsoma, a buga a zane. Wani Bature, Thomas Bowdich, ya sami irin wannan zane a Kumasi a 1817. Yana ajiye a babban gidan tarihi na London. Garin Ntonso, kusa da Kumasi, shi ne ya shahara da wannan aiki.

A arewacin Kwaddibuwa, wajen Korogo, Sanufo suna zana tsuntsaye, da dabbobi, da dodanni a kan farin saƙi. Su ma ruwan itace da laka suke haɗawa su sami baƙi.

INDIYA, JAPAN DA SIN

A kudancin Indiya akwai aikin da ake kira kalamkari. Ka ji kalmar alƙalami a ciki? Ai ita ce. Ma'anarsa aikin alƙalami. Suna zuba guntayen ƙarfe masu tsatsa a tulu, su sa ruwa da irin mazarƙwailarsu, su rufe kamar mako biyu ko uku. Ka ga ɗan uwan kuloko ke nan. Zanen kuwa an riga an jiƙa shi da ƴaƴan wani itace mai bauri da madarar ɓauna. Mai zane ya tsoma alƙalamin gora, ya ja layi. Layin ya zama baƙi. Sauran launuka daga baya ake sa su.

Yadin Indiya ya yi kyau har ya tsorata masaƙan Turai. Faransa ta hana shigo da shi a 1686, ba ta ɗage hanin ba sai 1759. Ingila ma ta yi dokokin hani a 1700 da 1721.

A Japan akwai tsibiri mai suna Amami Oshima. Can ana dafa guntayen wani itace, a tsoma zaren siliki kamar sau 20, sannan a kai shi fadama a cuɗa cikin laka. A dawo a sake, har tsomawa ta kai sau 80 ko fiye. Zaren ya fito baƙi mai sheƙi. Tufar da aka saƙa da shi tana cikin masu tsada a ƙasar.

A kudancin Sin, a lardin Guwandon, ana jiƙa siliki da ruwan wata doyar daji, a shanya a rana sau da yawa. Sai a shafa lakar kogi a fuska ɗaya. Fuskar da ta sha laka ta yi baƙi, ɗayar ta zauna ja.

Duba nisan da ke tsakanin Mali da Japan. Ga harshe daban, ga addini daban. Amma dabarar ɗaya ce: ƙarfe da bauri.

TURAI: TAWADA, DOKA DA KAKI

Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da tawadar ƙarfe. Suna haɗa gishirin ƙarfe da wani ƙullutu mai bauri da ke fitowa a jikin itace, su sa ƙaro. Da irin wannan haɗi suke rina baƙin yadi mai araha.

A nan ne aka gane aibin abin. Ƙarfe in ya yi yawa yana cin zare. Akwai tsofaffin takardu da tawada ta huda su, harafi ya zama rami. Akwai tsofaffin dardumai da baƙin zarensu ya zube, ja da shuɗi suna nan lafiya. Saboda haka a Faransa, a zamanin waziri Colbert, aka yi dokokin rini a 1669 da 1671. Doka ta ce yadi mai daraja, in za a yi shi baƙi, sai an fara rina shi shuɗi tukuna. In shuɗi ya yi duhu, ƙarfe kaɗan ya isa. Ka ga marinanmu da suka riƙe shuni ba su yi kuskure ba.

Yanzu ga wata kalma da ka sani: kaki. Asalinta daga Indiya ne, ma'anarta launin ƙasa. A 1846 Ingilishi suka kafa wata rundunar soja a Peshawar, cikin Pakistan ta yau. Ba da daɗewa ba aka riƙa rina kayan sojan da launin ƙasa, don kada a hango su daga nesa. Amma rinin farko yana zuba. Sai a 1884 wani mai suna Gatty, a Ingila, ya yi rajistar wata hanya ta rina kaki da ƙarfe da wani ma'adini mai suna kurom. Wannan kaki ba ya zuba. Wato tsatsa ce aka sa wa ƙa'ida, ta shiga masana'anta.

RININ KANTI YA ZO

A shekara ta 1856, wani yaro ɗan shekara 18 a London, William Perkin, yana neman haɗa kinin, maganin zazzaɓin sauro. Bai sami kinin ba. Sai ya sami rini mai launin shanshanbale daga kwaltar gawayin ƙasa. Daga nan masana'antu suka shiga yin rini iri iri. A 1897 Jamus ta fara sayar da shuni na masana'anta.

Rinin kanti yana da sauri, yana da araha, launinsa yana da yawa. Wa zai jira laka ta shekara a tulu, ga garin rini a gwangwani? A ko'ina cikin duniya tsofaffin hanyoyi suka ja baya. Mu ma nan, karofi da yawa sun cike da ƙasa. A garuruwa da yawa sunan unguwar Marina ne ya rage.

YADDA ABIN YA DAWO

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A ƙarshen ƙarni na 20 da farkon na 21, mutane a Turai, da Amurka, da Ostareliya suka koma neman rinin da ba na masana'anta ba. Waɗansu suna gudun dattin da masana'antun rini ke zubawa a koguna. Waɗansu aikin hannu kawai suke sha'awa, bayan sun taso daga aiki ko sun yi ritaya. Wata mata ƴar Ostareliya, India Flint, ta fitar da littafi a kan rini da ganyaye a 2008. Wata ƴar Ingila, Alice Fox, ta fitar da nata a 2015, inda ta nuna aiki da tsatsa. Ita takan tsinci tsofaffin ƙarafa a bakin teku, ta buga hotonsu a ƙyalle da takarda.

Masu wannan sha'awa suna tara ƙusoshi, da makullai, da sarƙoƙi, da guntayen injin. Suna naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle. Bayan kwana kaɗan su kwance, siffar ƙarfen ta fito. Da ƙyallen suke yin adon bango, da jaka, da mayafi. Suna koya wa juna ta intanet. Mafi yawansu ba don ciniki suke yi ba. Daɗin abin a wurinsu shi ne, ba ka san abin da zai fito ba sai ka kwance, kuma ba a samun biyu iri ɗaya.

IN KANA SON KA GWADA

Kayan aikin duk suna kusa da kai. Ga hanya:

1. Sami farin ƙyalle na auduga. Yadin roba ba ya kamawa da kyau. Wanke shi da sabulu don sitaci ya fita.

2. Jiƙa shi da ruwan tsami na kwalba, wanda ake kira binegar, rabi ruwa rabi tsami. In babu, ruwan gishiri ya yi.

3. Jera ƙarafa masu tsatsa a kai, ko ka naɗe su ciki ka ɗaure da zare.

4. Rufe da leda don kada ya bushe, amma ka bar ƴar kafa iska ta shiga. Tsatsa tana bukatar iska.

5. Duba bayan kwana ɗaya. Kada ya wuce kwana biyu ko uku. In ya daɗe, ƙyalle zai huje.

6. Kwance, ka ɗauraye sosai. Tsoma shi a ruwan kanwa marar ƙarfi don a kashe tsamin. Sake ɗaurayewa, ka wanke da sabulu, ka shanya.

7. In kana son toka-toka ko baƙi, tsoma shi a ruwan bagaruwa, ko na marke, ko na shayi. Wurin tsatsa zai yi duhu.

Ga gargaɗi. Kada ka yi wannan aiki a tukunyar abinci. Kada yara su yi wasa da ƙarafan. Tsohon ƙarfe da ya kwanta a ƙasa yana iya yanka ka, ƙwayar cutar tetanos ta shiga. Ita ce cutar da ke sandarar da jiki, kuma tana kisa. Ƙwayar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take. In ka yanke, wanke da sabulu, ka tafi likita a duba maganar allura. Ka kuma sani, ƙyallen da ya sha tsatsa da yawa ba ya ƙarko kamar wanda bai sha ba. Ya fi dacewa da ado.

In kuwa tsatsa ta ɓata maka riga ba da sonka ba, matsa lemun tsami a wurin, ka barbaɗa gishiri, ka sa a rana, sannan ka wanke. Kada ka zuba ruwan jabel. Shi ƙara kama ta yake yi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ɗan uwa, ka ga inda muka je: Masar, Mali, Gana, Indiya, Japan, Sin, Turai. Yanzu dubi garinku. Akwai marke a daji. Akwai bagaruwa a fadama. Akwai kashin maƙera a bayan maƙera. Akwai laka a tafki. Abin da ke ƙarewa shi ne mutanen da suka san haɗin.

Tsohon baduku ya san kwana nawa kuloko ke yi kafin ya nuna. Tsohon majemi ya san bagaruwar da ta fi bauri, da watan da ake tsinkarta. Tsohuwar marina ta san tokar da ta dace da baba. Yawancin wannan sani ba a rubuce yake ba. Ranar da aka rufe tsoho, an rufe da shi. Bogolan ya tsira ne don waɗansu sun je sun tambaya tun tsofaffin suna da rai.

Kai yanzu ka iya rubutu. Ga aikin da za ka yi da shi. Ɗauki littafinka da fensir. Je wurin baduku, ko majemi, ko marini na garinku. Gaishe shi da ladabi. Tambaye shi abin da yake zubawa, da yawansa, da kwanakin da yake jira, da wanda ya koya masa. Rubuta da Hausa, yadda ya faɗa. Rubuta sunan garin da ranar. Kawo wa malaminku a karanta a aji. In kowane aji ya yi haka, za mu tara littafin da babu irinsa.

Sannan ka kula da itatuwan. Mai saran marke da bagaruwa don itacen wuta, ya tuna majemi da baduku suna ci daga jikinsu. In ka sari ɗaya, ka dasa wani.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haifar da tsatsa?

2. Me ake haɗawa da ƙarfe a sami baƙi?

3. Wane itace ne Bambara ke kira ngalama?

4. Mene ne kuloko, su wa ke aiki da shi?

5. Don me ba a barin ƙyalle ya daɗe cikin tsatsa?

6. Wace sana'ar rini ce ta rage a garinku, mutum nawa ke yin ta?

Nan za mu dakata. Allah ya ƙara mana sani, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun sake haɗuwa a hira ta gaba. Ku huta lafiya.